Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Wata ranar Lahadi da dare, sanyi ya hana fita, na zauna gaban kwamfuta a ɗan ɗakina da ke birnin Manchesta na ƙasar Ingila ina kallon wani tsohon fim baƙi-da-fari na dalar gyaɗar Kano. Tsawonsa bai kai minti uku ba. Ga buhuna an jera sun tasam ma sama, ga majiya ƙarfi suna hawa da sassarfa, kowa da buhu a ka, gumi na sheƙi a gadon bayansu. Muryar Bature ce ke bayani, tana lissafin tan nawa za a loda wa jirgin ƙasa zuwa Ikko. Can sai wani saurayi ya juyo ya kalli kyamara, ya ɗan yi murmushi, ya gyara gammonsa ya wuce. Na mayar da wurin baya ya fi sau goma. Ba a faɗi sunansa ba, ba a ji muryarsa ba, ba a ce ga garinsu ba. A daren nan na ƙudurta a raina cewa zan nemo waɗanda suka rage a raye cikin irin waɗannan 'yan dako, in zaunar da su gaban kyamara su ba da labarinsu da bakinsu.

Yau shekara uku ke nan, kuma sai a kakar da ke tafe nake sa ran fara ɗauka. A tsawon wannan lokaci na yi hira da 'yan'uwa da dama mazauna Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa masu irin wannan buri na shirya fim ɗin gaskiya, wanda 'yan fim ke kira dokumentari. Kusan kowa ka taɓa, lissafinsa uku ne: wace kyamara zai saya, ina zai samo kuɗi, yaushe tikitin jirgi zai yi sauƙi. Ni ma da wannan lissafin na fara. Ra'ayina a yau shi ne waɗannan ukun su ne ƙananan shirye-shirye. Babban shirin shi ne mutum ya samu amanar waɗanda zai ɗauka, kuma ya yanke wa kansa hukunci tun da wuri a kan wanda yake yi wa fim ɗin. Wanda ya tashi daga ƙasar waje bai warware waɗannan biyun ba, ko da kyamarar zinare ya sauka filin jirgin Malam Aminu Kano, hoton mutane kawai zai kwaso ya koma.

Bari in ɗan faɗi abin da ya sa labarin gyaɗa ya tsaya mini a rai. Lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta fara aiki zuwa Kano a 1912, Turawa auduga suka sa wa rai domin masaƙunsu na Lankasha, yankin da nake zaune yanzu. Manoman ƙasar Kano da fatakenta suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma idan kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu gyaɗa ta cika tasha har jirgi ya kasa kwashewa. Daga nan attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka zama manyan masu saye wa kamfanonin Turawa, aka riƙa tara buhuna dala-dala a wurare irin su Ƙofar Mazugal da Malam Madori, dala guda takan ci buhu wajen 15,000. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati, su suka taru suka rushe dalar. Kowane ɗan makaranta ya san hoton. Amma wa ya taɓa tambayar nawa ake biyan mai ɗaukar buhu, da wace waƙa suke hawa, me suke ci da rana, me ya sami wuyansu da bayansu da tsufa ya zo?

A nan zaman ƙasar waje yana da ranarsa, kuma rashin adalci ne a musa. Yawancin hotunan motsi da aka ɗauka a ƙasarmu zamanin mulkin mallaka suna can ne a ajiye. Sashen finafinai na 'yan mulkin mallakar Ingila, wanda aka kafa a 1939, da kamfanonin labaran silima na wancan zamani, sun bar tarin faifai da ke hannun ma'ajiyoyi irin su Cibiyar Finafinai ta Birtaniya, wato BFI, da British Pathé. A can za ka ga hawan dabar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, ka ga kasuwar Kurmi da ganuwa a tsaye. Na Nijar kuwa, yawancinsu suna Faransa. Wanda ke zaune kusa da waɗannan wurare zai iya shiga jirgin ƙasa da safe, ya yini yana bincike, ya kwana a gida. Ɗan'uwansa da ke Kano ko Maraɗi sai ya nemi biza kafin ya ga fuskar kakansa.

Sai dai kallo daban, amfani daban. A al'adar wannan harka, duk wanda zai sa tsohon hoto a cikin fim ɗinsa sai ya sayi izini, kuma da daƙiƙa ake awo, farashin yana hawa gwargwadon ƙasashen da za a nuna fim ɗin da tsawon shekarun da ake so. Da na yi lissafin abin da murmushin saurayin nan zai ci mini, sai na ga zai iya zarce abin da shi kansa ya samu a kaka guda yana dako. Na yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo. Darasin dai shi ne, mai shirin fim ya sa kuɗin tsofaffin hotuna a kasafinsa tun ranar farko, kada ya gina labarinsa a kan hoton da ba zai iya biya ba.

Darasi mafi girma kuwa ta waya na same shi. Ɗan yayata da ke Kano ya yi ta cigiya har ya samo mini wani dattijo a wata unguwa ta cikin birni, wanda ya yi dako a dala tun yana saurayi. Aka sa rana, ya je ya same shi a zaure bayan la'asar, ya kira ni ta WhatsApp ya miƙa masa wayar. Ni kuwa na shirya tambayoyi goma sha biyu a takarda, na jera su tsaf.

Na ce, "Baba, barkanku da yamma, mun same ku lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Kai ɗan wane gida ne?"

Na faɗi sunan mahaifina da unguwarmu. Ya yi shiru, ya ce bai gane shi ba, wane ne kakana? Na faɗa. Ya ce, "Af, mai awon nan na bakin kasuwa? Allah ya jiƙansa, mutumin kirki." Sai na ji murya ta saki. Na ɗauko takardata zan fara, ya katse ni.

"Yaro, yaushe rabonka da gida?"

Na ce shekara huɗu ke nan, Baba.

Ya ce, "To, in ka zo ka zo mu gaisa. Magana ba ta yiwuwa a waya. Kuma wannan hoton da za ka ɗauka, wa za ka kai wa?"

Na buɗe baki na rasa amsa. Na yi ta kame-kame, ina cewa duniya za ta gani, za a san tarihi. Ya ce, "Duniya ta daɗe da ganinmu." Ya mayar wa ɗan yayata wayar.

Tambayoyinsa biyu sun fi nawa goma sha biyu nauyi. Ta farko, yaushe rabonka da gida, ta tuna mini cewa wanda ya daɗe a waje baƙo ne, ko da a unguwar aka yanke masa cibi. Mu mazauna waje muna da wani ruɗi: muna ganin tunda harshenmu ɗaya da mutanen, ƙofa a buɗe take. Alhali su suna ganin agogonka da takalminka da yadda kake duba lokaci, sun san kwana nawa gare ka ka koma. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma da ɗan gari akan ci gari. Dubi Aïcha Macky, wadda ta fitar da fim ɗin Zinder a 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram, unguwar da aka daɗe ana ƙyama saboda tarihinta na matsugunin kutare da waɗanda gari ya yasar. Ita haifaffiyar Damagaram ce, amma duk wanda ya kalli fim ɗin zai gane cewa ba a rana ɗaya waɗannan samari suka yarda suka buɗe mata cikinsu ba. Idan 'yar gari sai da ta yi zarya, ina ga wanda zai sauko daga jirgi da hutun mako uku?

Har harshen ma da muke tinƙaho da shi yakan yi tsatsa ba mu sani ba. Na lura idan ina tsara tambaya, da Turanci take fara zuwa mini, sannan in juya ta, sai ta fito a sanƙare kamar takardar kotu. Dattijo ba ya amsa irin wannan tambaya. Ka ce masa, "Me kuka ji a ranku game da yanayin aikin?" zai ce maka alhamdu lillahi, shi ke nan. Amma ka ce, "Baba, an ce akwai mai ɗaukar buhu biyu a lokaci ɗaya, gaskiya ne?" sai ka ga ya gyara zama, daga nan sunaye su fara fitowa, da laƙabi, da faɗan da aka yi da akawun sikeli, da ɗan kamashon da ya gudu da kuɗin mutane. Wannan ma shiri ne: mutum ya wanke kunnensa da hirar manya kafin ya tafi, ya san kalmomin sana'ar da zai yi fim a kanta, ya koyi yin shiru bayan an ba shi amsa, domin sau da yawa maganar gaskiya tana bayan shirun.

Tambayar Baba ta biyu, wa za ka kai wa, ita ce ta kai ni ga batun kuɗi. Fim ɗin gaskiya ba ya mayar da jarinsa a kasuwarmu, saboda haka kusan kowa tallafi yake nema. Akwai asusai na gaske da suka ɗauki nauyin finafinan Afirka masu kyau, kamar asusun Bertha na bikin IDFA a Amsterdam, da asusun Blue Ice na bikin Hot Docs a Toronto, da asusun finafinan duniya na bikin Berlin. Wanda ke zaune a waje ya fi sanin lokacin buɗe su da salon rubutun da ake so. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin yakan fara tun daga takardar neman tallafi. Na taɓa halartar wani taron bita inda na gabatar da labarina cikin minti biyar. Wata mai ba da shawara, da kyakkyawar niyya, ta ce labarin yana da daɗi amma bai da zafi. Ta tambaye ni ko jikokin waɗannan tsofaffi suna bara a titi, ko akwai wanda ya shiga ƙungiyar 'yan bindiga, ko wanda ya bi ta Agadas zai tsallaka teku. Abin da ya ba ni tsoro shi ne, a hanyar komawa gida na kama kaina ina tunanin yadda zan cusa almajiri a farkon fim ɗin. Babu wanda ya tilasta mini. Zama cikin mutane ne ya sa na fara kallon gidanmu da idonsu.

Wannan cuta tsohuwa ce, kuma tarihin fim a yankinmu ya san ta. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya shafe fiye da rabin ƙarni yana ɗaukar fim a Nijar har ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya ɗauki 'yan ci-ranin Nijar masu bautar iskokin da ake kira Hauka a birnin Accra, ya fitar da fim ɗin a 1955. Da aka nuna shi a Paris, 'yan Afirka da ke zauren suka fusata, suka ce ya mayar da baƙar fata abin ƙyama, gwamnatin mulkin mallakar Ingila kuma ta hana nuna shi saboda ta ga ana kwaikwayon gwamnanta. Bayan shekara goma, Ousmane Sembène na Senegal ya gaya wa Rouch a gabansa cewa masana irinsa suna kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Mukan ji daɗin maimaita wannan magana saboda Bature aka gaya wa. Amma kyamara ba ta duba launin hannun da ke riƙe da ita. Bahaushen da ya zo daga Landan ya tsaya a bakin kwata yana ɗaukar yara marasa takalmi domin ya burge alƙalan wani biki, shi ma nazarin ƙwari yake yi, kuma nasa ya fi ciwo domin da sallama ya shiga.

Shi kansa Rouch ya bar mana maganin, kuma ya kamata a faɗa. Ya ɗauki fim ɗin farautar dorina da Sorkawa masunta ke yi a kogin Kwara, ya kai Faransa ya haɗa, ya sa masa kiɗa mai tayar da tsikar jiki. Daga baya ya dawo da shi garin Ayorou, ya kafa farin ƙyalle ya nuna wa masuntan. Suka kalla, suka ce ya yi kuskure: ba a farautar dorina da kiɗa, kiɗa ƙarfin hali zai ƙara mata. Ya cire kiɗan. Masunta da ba su taɓa shiga ajin fim ba sun gyara wa gwani aikinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga cikin waɗanda ya ɗauka kuma aka samu Oumarou Ganda, tsohon soja ɗan Nijar da ke dako a tashar jiragen ruwan Abijan, wanda ya fito a fim ɗin Rouch na 1958, daga baya ya karɓi kyamarar da hannunsa, har ya zama wanda ya fara lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Ɗan dako ne shi ma, kamar saurayin da ya yi mini murmushi.

Kada a ɗauka ina cewa wanda ke waje ba shi da hurumin ba da labarin gida. Rahmatou Keïta tana zaune a Faransa ta koma Yamai ta yi fim a kan Zalika Souley, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi fice a finafinan Nijar, wadda ƙasarta ta manta da ita, har fim ɗin ya kai bikin Cannes a 2005. Nisa ne ya ba ta damar ganin abin da na kusa suka saba da shi har suka daina gani. Sani Elhadj Magori, ɗan Galmi, bayan fim ɗinsa na albasa, ya yi Kukan Kurciya, inda ya ɗauki tsohuwar zabiyar da waƙoƙinta suka zuga mazan yankinsu tafiya ci-rani, ya kai ta har Abijan domin ta kira su gida da muryar da ta kore su, cikinsu har da mahaifinsa. Abin da ya haɗa waɗannan finafinai shi ne masu su suna da abin da za su rasa a cikin labarin. Gobe za su haɗu da mutanen a wurin biki ko jana'iza, dole su iya haɗa ido da su.

Sauran shirye-shiryen, na hannu, su ma ba a fafe gorarsu ranar tafiya, amma lissafi ne kawai. Ma'aikaci a Ingila hutun kwana 28 doka ta ba shi a shekara, kuma daga ciki za a cire gaisuwar dangi da ta'aziyyar waɗanda suka rasu ba ka nan, wadda ba ta tsallakuwa. Saboda haka a raba tafiyar biyu: ta farko a je hannu rabbana, a gaisa, a sha fura, a ga wurare, ta biyu a zo da kaya. A duba kalanda da idon manomi. Mai son hoton gyaɗa a gona da tuge ta sai ƙarshen damina zuwa kaka. Hazon hunturu yana dusashe hoto, ƙurarsa tana shiga cikin gilashin kyamara. Zafin bazara yana kashe na'ura, yana gajiyar da tsoho. Azumi kuma kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11, kuma babu mai hankalin da zai zaunar da dattijo hira da ƙishirwa.

A wajen kaya, shawarata ita ce a rage kuɗin kyamara a ƙara na sauti. Mai kallo yakan yafe hoton da ya ɗan yi duhu, amma ba ya zama da muryar da ba ya ji. Zauren Kano kuwa cike yake da abokan gaba: janaretan maƙwabci, ƙarar adaidaita sahu, injin markaɗe, akuya, yaran da suka ga baƙo. A san lokacin da unguwa ke lafawa, a tsara hira tsakanin salloli. Baturan kyamara a jakar hannu ake shiga jirgi da su, kuma waɗanda suka wuce ƙarfin 100Wh sai da amincewar kamfanin jirgin. A tanadi hanyar caji da ba ta dogara da wutar gari ba, a riƙa kwafe aikin kowace rana a ma'aji biyu, a ajiye su a gida daban-daban. Mai sha'awar ɗaukar hoto daga sama da ɗan jirgi maras matuƙi ya sani cewa a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ya fi sauƙi a ɗauki hayar wanda ya riga ya mallaki takardunsa. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tana da nata ƙa'idojin, a neme su tun ana can. Kuma duk takardar da ka riƙe, kada ka kafa kyamara a unguwa ba ka gaida mai unguwa ba, kada ka shiga ƙauye ba ka bi ta wurin dagaci ba.

Ban ga dalilin ɗauko ma'aikata daga Turai ba. Masana'antar Kannywood ta horar da masu ɗaukar hoto da masu haske da suka san ranar Kano fiye da kowa, makarantar koyon fim ta Jos tana yaye ɗalibai, haka ma cibiyar IFTIC a Yamai. A ɗauke su, a biya su haƙƙinsu cikakke, a rubuta sunayensu manya-manya. Kuma lallai a samu mace cikin tawagar. Rabin labarin gyaɗa yana cikin gida, inda aka rubuta ba shiga: matan da suka ɓare ta da hannu har yatsunsu suka yi kanta, suka soya, suka matse mai, suka yi ƙuli-ƙuli da tunkuza suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki da ribar. Namiji da kyamara iyakarsa soro. In ba a shirya wannan ba, za a sake yin fim ɗin Turawa ne, maza da buhuna.

Sai batun haƙƙi. Masu ba da tallafi da gidajen talabijin suna buƙatar takardar amincewa daga duk wanda ya fito a fim. Dangwala yatsa a kan takardar Turanci da mutum bai san abin da ke ciki ba, wannan ba amincewa ba ce. A karanta masa da Hausa gaban ɗansa ko jikansa, a gaya masa ƙarara cewa hoton zai iya shiga YouTube, surukinsa zai gani a waya, maƙiyinsa ma zai gani. A ba shi damar cewa a cire wani abu. Game da kuɗi kuwa, ba a sayen magana, domin wanda aka saya zai faɗi abin da yake zaton kana so. Amma goron gaisuwa al'ada ce, kuma wanda ka hana fita nema yini guda, biyan yininsa wajibi ne. Mu tuna kuma cewa mu jirgi za mu hau mu tafi. Idan hira ta taɓa wani mai ƙarfi ko ta tono tsohuwar gaba, wanda ya yi maganar shi zai kwana a unguwar. Haka ɗan'uwan da ya yi ta yawo da kai, wanda yanzu kowa ya san yana da kawu a Turai, a wannan zamani na satar mutane.

Akwai wanda zai ce duk wannan dogon shiri wata hanya ce ta jan ƙafa, kuma yana da gaskiyarsa. Wanda yake da shekara 20 a 1970 yau ya haura 70 da kyau. Cikin dattawa bakwai da ɗan yayata ya samo mini, biyu sun riga mu gidan gaskiya ina nan ina cike takardun neman tallafi. Ɗaya daga cikinsu an ce shi ya fi kowa riƙe waƙoƙin da suke yi in suna hawan dala. Ya tafi da su. Ranar da aka gaya mini, na kira yaron na ce, "Daga gobe, duk wanda ka je gaisarwa, ka nemi izininsa ka kunna rikodar wayarka ka ajiye kusa da shi." Ya ce, "Kawu, ai sautin ba zai yi kyau ba." Na ce ya fi na kabari kyau. Sannu ba ta hana zuwa, amma tsoho ba ya jiran sannu. Abin da ke buƙatar haƙuri shi ne amana. Ajiye murya kuwa na gaggawa ne, kuma ba ya jiran kuɗin kowa.

Da na je gida bara, na cika alkawari na je gaida Baban nan na waya. Ban ɗauki komai ba sai goro da turare. Sai a zuwa na uku ya sa aka ɗauko masa wani tsohon gammo da ya ajiye a ƙarƙashin gado, ya ɗora a kansa yana dariya, ya nuna mini yadda ake karkata wuya in za a sauke buhu a tsinin dala. A nan na ba shi amsar tambayarsa. Na ce, "Baba, ku za a fara kawo wa." Iyayenmu sun san majigi, motar da ke zuwa da dare ta haska fim a bangon gidan hakimi, har yau tsofaffi suna tuna fim ɗin Baban Larai. A wancan lokaci gwamnati ce ke kawo wa talaka abin da take so ya gani. Babu abin da zai hana mu juya al'adar: kafin fim ya je wani biki a Turai, a haska shi a unguwar da aka ɗauke shi, masu shi su gani, su gyara abin da ya karkace kamar yadda masuntan Ayorou suka yi. Sannan a ajiye kwafi, har da hirarrakin da ba su shiga fim ɗin ba, a wuri irin Gidan Arewa na Kaduna ko Gidan Makama na Kano, domin kada jikokinmu su ma su sayi fuskar kakanninsu da daƙiƙa.

Ga 'yan'uwana mazauna waje masu wannan buri, kafin ku tambayi farashin kyamara, ku tanadi amsar da za ku ba dattijon da zai ce muku wa za ku kai wa. Kai kuma mai karatu da ke gida, kana da abin da mu ba mu da shi: tsohon yana nan kusa da kai, kuma wayar tana aljihunka. Ka je ka gaishe shi a wannan makon, ka nemi izininsa, ka fara da tambayar sunansa da sunan garinsu.